Wasa 20,000 a kwali guda: a jona a gani kafin a sara

Ana saura kamar mako uku ƙaramar sallah, wani abokina mai rumfar kayan lantarki a Maraɗi ya aiko yaronsa ya kira ni, wai in zo in karanta masa rubutun da ke jikin wani sabon kaya da aka yi masa talla. Da na je sai na tarar da wani ɗan kwali mai ƙyalli, an cika shi da zanen jarumai da motoci, a ciki kuma akwai wata ƴar na'ura da ba ta fi akwatin ashana biyu ba, wadda ake soka wa a bayan tele, tare da hannuwa biyu na buga wasa, wato abin nan da yara ke riƙewa suna dannawa. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa akwai wasa 20,000 a ciki, duk na da, irin waɗanda aka yi yayi tun shekarun 1980 da 1990. Dillalin ya gaya masa akwai mai 10,000, amma wannan ta fi tsada tun da ta ninka waccan. Alhaji ya riga ya gama lissafinsa, katan goma yake son sara, tambayarsa ɗaya ce: “Malam, mai 20,000 zan ɗauka ko mai 10,000?” Na ce masa: “Alhaji, sa yaro ya kawo tele mu jona tukuna, ba a cinikin biri a sama.”

Abin da ya sa na ga ya dace in kawo maganar a wannan fili shi ne, irin wannan kaya ya cika rumfuna daga Ƙonni zuwa Illela, daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Magarya zuwa Maigatari, kuma akasarinmu da lambar da ke kan kwali muke yi masa kuɗi. Mutumin da zai murza shadda ya gaya maka ko ta ina ta biyo, wanda zai ɗebi gero ya shinshina ya gaya maka na bana ne ko na bara, shi ne zai zuba jarinsa a katan goma na abin da bai taɓa kunnawa ba. A nawa ganin, a cikin duk abin da ya kamata a duba a wannan haja, lambar nan ita ce ta ƙarshe.

Wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1990 ba zai manta da ƴar na'urar nan ta hannu mai cin batir biyu ba, wadda aka rubuta wa 9999 a jiki. Duk wanda ya riƙe ta ya san gaskiyar magana: akwai wasan jera tubali, akwai tseren mota, akwai harbi, akwai maciji, sai ƴan kaɗan, sauran dubban kuwa su ɗin ne dai aka ƙara musu sauri ko aka juya su. Kasusuwan da ake sakawa a na'urorin Sin masu kwaikwayon Nintendo ma haka suke, Contra ɗaya za ka gani sau ashirin a jeri, wannan ya fara daga mataki na biyu, wancan daga na uku, wancan kuma an ba ka rai 30. Dabarar ba ta canja ba, memori kawai ya ƙara girma. A na'urar Alhaji mun tarar da wasa guda an jera na Japan, an jera na Amurka, an jera na Turai, kowanne da lambarsa. Mun tarar da ɗaruruwa da rubutun Japananci zalla, waɗanda sai ka karanta labari za ka san inda za ka nufa. Wasu mun danna allo ya yi baƙi, shiru kake ji. To ko da a ce duka 20,000 ɗin na gaskiya ne, yaron da zai buga sabo ɗaya kullum sai ya shekara kusan 55 kafin ya kai ƙarshe. Tarin tsintsiya ke nan ba shara.

Su kansu masu abin ba haka suke lissafi ba. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da ƴar ƙaramar na'ura mai kama da tsohuwarsa, ya sa mata suna NES Classic, wasa 30 kacal ya zuba a ciki, kuɗinta dala 60. Dalar Amurka nake nufi, kada wani ya lissafa da tamu ta sefa biyar. Kafin ƙarshen Afrilu na 2017 an sayar da miliyan 2.3, mutane na bin layi ba su samu ba. Wasa 30 da aka zauna aka tsince, su suka yi wannan ciniki.

Abin tambaya a nan shi ne, da me ake tsincewa? Don amsa wannan sai mun koma inda waɗannan wasanni suka fito, kuma ina ganin ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa, domin asalinsu harkar ciniki ce tsantsa. Kafin wasa ya shiga gida, akwati ne na katako mai tsawon mutum, da allo da maɓallai da ƴar kafar jefa kuɗin ƙarfe, ana ajiye shi a shaguna da wuraren cin abinci. A Amurka kwandalar santi 25 ake jefawa, a Japan ta yen 100. Mai shago shi ke sayen akwatin da kuɗi mai yawa, kuma ba ruwansa da kyan zane ko sunan wanda ya ƙera, ƙarshen mako zai buɗe aljihun akwati ya ƙirga. Wanda bai tara ba a fitar da shi a kawo wani. A 1972, da kamfanin Atari ya ƙera Pong, wasan da bai wuce sanda biyu da ƙwallo ɗaya ba, sai aka kai na gwaji wani shago a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba mai shagon ya kira ya ce abin ya lalace. Injiniyan da ya haɗa shi, Allan Alcorn, ya sha ba da labarin cewa da ya je ya buɗe sai ya tarar kwandaloli ne suka cika mazubin har suka toshe hanya.

Saboda haka wasan da aka yi don irin wannan akwati dole ya cika sharuɗɗa masu wuyar haɗuwa. Mai wucewa ya kalle shi na daƙiƙa kaɗan ya gane abin da ake yi ba tare da an karanta masa takarda ba. Ya jefa kuɗinsa, a cinye shi cikin ƴan mintoci, domin akwai na bayansa da ke jira. Sannan, wanda ya fi duka wuya, in an cinye shi ya ji a ransa cewa laifinsa ne, da ya kauce hagu da ya tsira, har ya sake laluben aljihu. In ya ji cewa injin ne ya zalunce shi, ya tafi ke nan. Wannan ji na “bari in sake, yanzu na gane” shi ne ma'aunin da nake auna kowane tsohon wasa da shi, kuma shi nake ba Alhaji shawara ya nema a fuskar yaron da ya ba hannu ya gwada.

Ɗauki Pac-Man, wanda kamfanin Namco ya fitar a 1980, aikin wani matashi mai suna Toru Iwatani. A ido ba komai ba ne: wani ɗan ƙwallo rawaya mai baki yana bin lunguna yana cinye ɗige-ɗige 244, dodanni huɗu na bin sa. Wanda bai sani ba zai ɗauka dodannin yawo kawai suke yi. Alhali kuwa kowanne da halinsa. Jan kai tsaye yake bin sawunka. Mai ruwan hoda ba ya bin inda kake, inda za ka yake nufa, ya tare ka ta gaba. Shuɗin yana duba inda jan yake da inda kake kafin ya zaɓi hanya, shi ya sa ya fi wuyar karantawa. Na huɗun, mai ruwan lemo, in yana nesa ya taho da ƙarfi, in ya matso kusa sai ya karaya ya nufi kusurwarsa. Kamar mafarauta ne da suka raba aiki, wani ya kora, wani ya tare. Ga kuma manyan ɗige huɗu a kusurwoyi, in ka ci ɗaya sai reshe ya juye da mujiya na ɗan lokaci, kai ne mai kora su ne masu gudu. Yaro ɗan shekara shida zai gane wasan a minti ɗaya, babba kuma zai shekara yana gano sabuwar dabara, har akwai waɗanda suka kai mataki na 256, inda lissafin injin ke rikicewa rabin allon ya cika da shirme. Wannan shi ake kira wasa mai zurfi, kuma in ka samu irinsa goma a na'ura ɗaya, ka samu haja.

Space Invaders na kamfanin Taito, 1978, shi ma akwai abin lura a cikinsa. Maƙiya 55 ne ke saukowa sahu-sahu, kana harbinsu, suna raguwa suna ƙara sauri, har na ƙarshen ya riƙa gudu kamar an kunna masa wuta. Asalin wannan saurin rauni ne na injin, domin in zanen da zai motsa ya ragu sai aikin ya yi masa sauƙi. Mai ƙirar, Tomohiro Nishikado, ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi sai ya bar shi. Tetris kuwa, da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Masko a tsakiyar shekarun 1980, shi ne uban wasan jera tubalin da muka sani, kuma har labarinsa ya zaga duniya bayan da a Disamba 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka ya buga na Nintendo na 1989 har mataki na 157, injin ya gaza ya tsaya cik. Yaron da aka haifa shekara 20 bayan fitowar wasa yana kashe lokacinsa a kai, ba na jin akwai shaidar inganci da ta wuce wannan. Super Mario Bros. na 1985, mai matakai 32, dukansa bai wuce kilobayit 40 ba, hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da yawa. Girman memori da aka rubuta a kwali, 64 ko 128, bai gaya maka komai game da daɗin abin da ke ciki ba.

Akwai labarin da nake so ƙwarai domin na kwantai ne. A farkon shekarun 1980 reshen Nintendo na Amurka ya yi odar akwatuna 3,000 na wani wasan harbi mai suna Radar Scope, aka sayar da kusan 1,000, sauran suka kwanta a sito. Maimakon a karyar, sai aka sa wani ma'aikaci mai zane, Shigeru Miyamoto, ya ƙirƙiro sabon wasan da za a zuba a cikin akwatunan. Abin da ya fito a 1981 shi ne Donkey Kong, inda Mario ya fara bayyana. Katako ɗaya, allo ɗaya, maɓallai ɗaya, jiya kwantai yau ana rububi.

To amma kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk tsohon wasa zuma ne. An ce da tsohuwar zuma ake magani, ba a ce da tsohon kunu ba. A zamanin ma an yi shara mai yawa, kuma ita ce ta taɓa kashe kasuwar baki ɗaya. A 1982 kowane kamfani a Amurka ya faɗa harkar, ana fitar da kaset ko yaya yake, shaguna suka cika. Atari da kansa ya ba mutum ɗaya kimanin mako biyar ya haɗa wasan fim ɗin E.T. don a riski cinikin Kirsimeti, wasan ya fito ba daɗi, iyaye suka riƙa mayarwa. A 1983 kasuwa ta rushe, kamfanoni da dama suka karye, Atari ya kwashi dubban ɗaruruwan kasusuwa ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar Niyu Meksiko. Mutane sun daɗe suna ɗaukar labarin almara har sai da aka haƙa wurin a 2014 aka gan su. Da Nintendo ya shiga Amurka a 1985, abin da ya fara yi shi ne ɗaure masu yin wasa: ba kaset ɗin da zai yi aiki a na'urarsa sai da izininsa, kowane kwali da hatiminsa, kuma kamfani ɗaya ba zai wuce wasa biyar a shekara ba. Abin dariyar shi ne, irin sharar da aka binne a wancan lokaci tana cikin abin da ake cika lambar 20,000 da shi yau.

Har a cikin fitattun ma akwai waɗanda ƙirarsu ta cin kuɗi ce kurum. Dragon's Lair na 1983 zanensa kamar fim, har ninkin kuɗin sauran ake biya, amma wasan haddar inda za a danna ne, in ka haddace ya ƙare. A Gauntlet na 1985 ƙarfin jaruminka raguwa yake yi ko ba a taɓa shi ba, ka jefa kuɗi a ƙara maka. A na'urorin da muke sayarwa kwandala kyauta ce, maɓalli kawai ake dannawa, don haka irin waɗannan sai asirinsu ya tonu: yaro zai yi ta danna “ci gaba” har ya ga ƙarshe cikin ƙasa da awa guda, ba zai sake waiwayarsa ba. Wasan da ya rage da daɗi bayan an cire masa kuɗi, shi ne na ƙwarai.

A kasuwarmu kuma akwai sharaɗi biyu da Bature ko ɗan Japan ba zai damu da su ba. Na farko harshe. Mai sayenmu wani boko na Faransanci ya yi, wani na Ingilishi, wani allo kaɗai, don haka wasan da ke buƙatar karatu ya rage masu saye tun kafin a buɗe kwali. Na biyu, gidajenmu ba na yaro ɗaya ba ne. Na'ura ɗaya za ta shiga gida mai yara takwas, ga na maƙwabta, in wasan na mutum ɗaya ne mai dogon zango to faɗa ka sayar wa maigida. Shi ya sa nake fifita na mutum biyu masu gajeren zagaye, wanda aka ci ya miƙa hannu. Street Fighter II na kamfanin Capcom, 1991, da jarumansa takwas, shi ne sarkin wannan fanni. Contra ana bugawa biyu a tare, haka Metal Slug na 1996, haka Battle City na 1985, wasan tankokin yaƙi masu gadin gaggafa, wanda kwafinsa ke zuwa da sunan Tank 1990. Ƙwallon ƙafa kuwa ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a zamanin PlayStation ya san Winning Eleven shi ke biyan kuɗin haya. In waɗannan suna ciki kuma suna tafiya daidai, mai 500 ta fi mai 20,000 da ba ta da su.

“Suna tafiya daidai” ɗin nan shi ne rabin magana, domin waɗannan na'urori kwaikwayon tsofaffin injuna suke yi, kuma kwaikwayo iri-iri ne. Gwajin ba ya cin minti goma. Sa Mario, danna tsalle, ka duba ko yana tashi tare da yatsanka ko sai bayan ƙiftawar ido. Wannan ɗan jinkirin ya isa ya kashe wasan da aka gina kan sauri, yaro zai yi ta faɗawa rami yana zaton shi ne bai iya ba, har ya gaji ya jefar. Saurari kiɗan, in yana kakkatsewa ko yana jan ƙafa, injin ya yi wa wasan ƙanƙanta. Wannan ya fi faruwa a wasannin PlayStation, waɗanda su ne ake zanawa a kwali don jan ido. Sa Street Fighter II ka ba yaron da ya iya, ka ce ya jefa ƙwallon wutar nan da ake yi da ƙasa, ƙasa-gaba, gaba da naushi. In ya gwada sau goma ya samu biyu, hannun ne ba shi da kyau, kuma hannu shi ke fara mutuwa a wannan kaya. Wanda zai sari na'ura bai sari hannuwa na canji ba ya bar riba a ƙasa, ya kuma bar mai sayensa da gawa. Sai memori: duk wasannin a kansa suke, galibi kuma mafi araha ake sakawa, ranar da ya mutu na'urar ta zama kwalliya. Cire wuta tana cikin aiki na saurin lalata shi, mu kuwa mun san yadda wuta take a garuruwanmu. Mai wayo yakan kwafe memori ɗaya a kwamfuta ya ajiye, wanda nasa ya mutu a zuba masa a sabo.

Kada a manta da tele ɗin da za a jona. Masu sokawa a baya sai tele mai kafar HDMI, alhali mai sayen da ya fito daga ƙauye wataƙila tsohuwa mai ƙeya ce a ɗakinsa, mai wayoyi uku, rawaya da fari da ja. Tambaya ɗaya kafin a karɓi kuɗi ta raba wannan gardama. Akasin haka ma yana faruwa: bindigar harbin agwagwa ta wasan Duck Hunt, da ake haɗowa da na'urori masu kaset, da tsohuwar tele kaɗai take aiki, a shafaffiyar zamani ko ka kwana kana harbi ba abin da zai faɗo. Tsofaffin ƴan kasuwar iyaka sun san rikicin launi tun zamanin bidiyo, lokacin da Nijeriya ke kan tsarin PAL, Nijar kan SECAM, Japan da Amurka kan NTSC, a jona abu hoto ya fito fari da baƙi. Mai sayen tsohuwar na'ura ta asali a gwanjo ya duba wannan, ya kuma duba wutarta, domin ta Japan 100 take ci, ta Amurka 120, tamu kuwa 220 ce, jonawa ɗaya sai hayaƙi.

Babban suna ma ba ya hana a gwada. A Disamba 2018 kamfanin Sony ya fito da PlayStation Classic, wasa 20, dala 100. Tara daga cikin wasannin sai aka saka na tsarin Turai mai hoto 50 a daƙiƙa maimakon 60, suka riƙa tafiya a hankali, masu saye suka yi ca. Kafin wata ya cika manyan shaguna sun karyar da ita zuwa dala 60.

Game da sababbin wasanni da ake yi da kamannin na da, ma'aunin bai canja ba. Akwai na ƙwarai, irin Shovel Knight na 2014, da Cuphead na 2017 wanda wasu ƴan'uwa biyu ƴan Kanada suka jagoranta, aka zana motsinsa da hannu a takarda, har sai da suka jinginar da gidajensu kafin su gama. Akwai kuma tarin na waya da suka ari zanen da, amma kowane minti biyu talla, kowane mataki a nemi ka biya. Zane mai ɗige-ɗige ba shi ke mai da wasa na da ba.

Wata magana da ta fara yawo ita ce wai tsofaffin kasusuwa sun zama zinariya. Tushenta gaskiya ne. A Yulin 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 a Amurka kan dala miliyan 1.56, a Agusta kuma aka sayi Super Mario Bros. kan dala miliyan 2. Sai dai waɗannan na asali ne da ba a taɓa ɓare ledarsu ba, masu tara kayan tarihi ke saye don ajiya, kuma bayan wannan shekara farashin irinsu ya faɗo ƙwarai. Kaset ɗin da ya sha rana a buhun gwanjo, ko rawayan nan na kwaikwayo, darajarsa ita ce kuɗin da yaro zai biya ya buga. Duk wanda ya zo maka da hoton waya yana cewa ka sayi buhu ka ajiye za a zo nema daga Turai, ka ce ya ajiye da kansa.

Na san abin da wasu za su ce, domin Alhaji ya faɗa mini a ranar: “Malam, mai saye lamba yake tambaya, in na ce 500 maƙwabcina ya ce 20,000, wajensa za a tafi.” Gaskiya ne, a sallar farko. To amma cinikin iyaka na sanayya ne. Mutum zai hau mota daga ƙauyensa, ya canji naira zuwa sefa ko sefa zuwa naira, ya bi ta gaban duwan, ya kai wa ƴaƴansa tsaraba, kwana uku abu ya mutu. Wataƙila ba zai dawo da shi ba, kuɗin mota ya fi ƙarfin abin, amma rediyo da fitila da fanka da zai saya baɗi ba a rumfarka ba ne, kuma duk ƙauyen sai sun ji. Ba na cewa a ƙi sayar da mai araha, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce a sayar da rariya da sunan ƙwarya. Ka jona tele a bakin rumfa, ka rubuta wasa goma da ka tabbatar da lambobinsu a ƴar takarda ka saka a kowane kwali, domin yaro ba zai iya laluben Contra a cikin jerin dubbai ba. Wasu kuma za su ce waya ta kashe wannan kasuwa. Wayar maigida ce, yana fita da ita, kuma hannu ɗaya ke riƙe ta, na'urar tele kuwa ta gida ce, ba ta cin kuɗin intanet, ba ta nuna wa yaro abin da iyayensa ba su so.

Abu biyu ne ya kamata a faɗa a fili ko da ba daɗi. Wasannin da ke cikin waɗannan na'urori masu dubbai kwafi ne da aka zuba ba da izinin masu su ba, shi ya sa ba adireshi a kwalin, ba garanti, ba wanda za ka kai wa ƙara, hasarar duk da ta faru a kanka za ta ƙare, sai ka saka ta cikin lissafi tun wurin sari. Sannan akwai injunan caca masu zanen ƴaƴan itace da ake shigowa da su a akwati mai kama da na wasa. A wasa iyawarka ke kai ka gaba kuma ba a biyanka komai, a caca kuwa injin ne ke yanke hukunci, an kuma saita shi ya ci fiye da abin da zai bayar. Mai buɗe gidan gem da ya haɗa biyun ya sani ranar da iyaye da hukuma za su zo, ba za su tsaya bambancewa ba.

A ranar dai mun shafe wajen awa biyu a rumfar Alhaji, yaransa biyu na bugawa muna kallo. Mai 20,000 ta riƙa kakkatsewa a wasan ƙwallo, hannunta ɗaya kuma ba ya jin hagu sai an danne da ƙarfi. Mai 10,000 ta fi ta tafiya daidai, kuma duk wasannin da yaran suka nema suna ciki. Alhaji ya fasa katan goma, ya ɗauki uku na mai arahar, ya ƙara da hannuwa 20 na canji, ya kuma kafa wa dillalin sharaɗin cewa za a buɗe kowane kwali a jona a gabansa, wanda bai tashi ba a mayar. Dillalin ya yi ta ƙorafi wai ba a taɓa yi masa haka ba, daga baya ya yarda. Da na tashi tafiya ƙaramin yaron bai ko ɗago kai ba, jan dodon Pac-Man ya ritsa shi a lungu karo na shida, yana roƙon wansa ya bar masa hannu ya sake sau ɗaya.